Hannuwan Baba Mai Inji

Shekarun baya, ban daɗe da komawa ofishinmu na Dutse ba, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na ji warin fenti sai ya faɗo mini. Aikina duba-gari ne, kamar yadda mutanen gari ke kiran mu, sai dai ni ba randa da masai aka ba ni ba. Sashenmu shi ne mai zagaya wuraren sana'a, gidan burodi, injin niƙa, masu ruwan leda da 'yan ƙananan kamfanoni, mu tabbatar aikin da mutum ke nema wa iyalinsa abinci da shi ba zai kwantar da shi ba. Ni gajeruwa ce, amma Allah ya ba ni murya. Mahaifiyata takan ce ranar da ake rabon tsawo ina gefe ina musu da masu rabon, shi ya sa na tashi da baki kawai. Ban taɓa jin haushin maganar ba, don bakin ya yi mini rana a wannan aiki.

Wata safiya ƙawata likita ta kira ni ta ce in na samu sarari in biyo ta asibiti, akwai wani dattijo da take so in gani, kuma ya yarda a gaya mini larurarsa. Na je na tarar da shi zaune a kan benci, mai furfura a gemu, fes da shi, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa. Mutumin Kiyawa ne, amma a unguwar Limawa ta nan Dutse yake zaune da iyalinsa. A Kano ya koyi aikin injin buga rubutu a jikin leda, ya shekara da shekaru a can, da aka buɗe wani kamfanin leda a bayan garin Dutse ya dawo gida ya kama aiki. Kowa a kamfanin Baba mai inji yake ce masa, ni ma haka na ci gaba da kiran sa.

Na gaishe shi na tambayi jiki. Ya ce, "Da sauƙi, 'yata. Ba ciwo nake ji ba fa. Hannun ne da ƙafar kamar na aro. Jiya silifa ya zame mini a hanya, sai da wani ya ce Baba takalminka, sannan na duba. Maɓallin riga kuwa uwar yara ce take sa mini."

Da muka keɓe, ƙawata ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce jijiyoyinsa ne ke mutuwa a hankali, daga yatsu abin yake farawa ya hau sama, kuma tana zargin tinar da suke aiki da ita, ruwan nan mai kaifin wari da ake tsinka fenti da tawada da shi. Ta ce ta hanci tana shiga jiki, ta fata ma tana shiga. "In kika raba shi da ita da wuri, jijiyar za ta iya farfaɗowa. In aka ci gaba a haka, wata rana ko loma sai an ba shi a baki." Na ce mata ta bar mini sauran, wannan kuma filina ne.

Washegari na hau Keke Napep na nufi kamfanin. Ba wani babba ba ne. Akwai zauren da ake narkar da ƙwayoyin roba a hura su su zama doguwar leda, sai ɗakin bugu inda ake buga sunan masu ruwan leda da masu burodi a jikinta. Tun daga ƙofar ɗakin bugun idona ya fara ruwa. Tagogi duk an toshe su da kwali, gwangwanayen tina a buɗe, tsummokaran goge inji a jiƙe an tara su a kusurwa. Na tambayi dalilin toshe tagar, manaja ya ce gonaki ne kewaye da su, in ana sussuka iska takan kwaso ƙaiƙayi ya manne a ɗanyar tawada, aiki ya lalace.

Alhaji mai kamfanin ya fito da fara'arsa, ƙato ne mai dariya, kuma in faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Ya ce, "Hajiya, ai mu nan muna kula da mutanenmu. Kullum da yamma kowa gwangwanin madara nake ba shi, tana wanke ƙirji tas."

Na ce, "Ranka ya daɗe, madara shayi take gyarawa. Wannan ɗaki iska yake so."

Na zayyana masa abin da za a yi: a cire kwalin a sa raga, a kafa fanka mai zuƙe wari waje, kowane gwangwani da murfinsa, ma'aikata su sami takunkumin da ya dace da safar hannu. Ya ce to, in sha Allahu. Na san irin wannan in sha Allahun, don haka da na koma na tarar ko kwali ɗaya bai motsa ba, ban ɓata yawuna ba. Na sa aka fito da kowa, na garƙama wa ɗakin kwaɗo, na jefa mukullin a jakata. Alhaji ya aiko mutane ban-baki har gida, har da wani ɗan'uwan maigidana da rabon da ya tako gidanmu tun sunan 'yarmu ta fari. Na ba su ruwa, na ba su haƙuri, mukulli kuwa yana jaka. Kafin mako ya zagayo fanka tana juyawa, na je na buɗe musu da hannuna.

Kada ku so ku ga yadda nake tafiya a ofis a 'yan kwanakin nan. Ɗakin ya zama abin nuna wa baƙi, kana shiga iska tana kaɗa maka mayafi. Har na fara ba ƙananan ma'aikatanmu labarin yadda ake aiki, ko ba su tambaya ba.

Sai ƙawata ta sake kira. Ta ce Baba ya dawo, kuma abin gaba ya yi, yanzu ko kofin shayi sai ya haɗa hannu biyu. Ta ƙara da cewa wani abokin aikinsa ma ya zo yana cewa yatsunsa na yi masa kamar tururuwa na yawo a ciki. Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce, "To zo ki gaya wa jijiyar, ni dai abin da na gani na faɗa miki."

Na koma kamfanin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ba tare da sanarwa ba. Fanka na aiki, gwangwanaye a rufe, takunkumi a hanci. Safar hannun ce kawai sukan cire in za su daidaita farantin bugu, wai ba sa jin abin da suke taɓawa, tawada kuma ta ɓata su. Na yi faɗa a kan wannan, amma na san bai isa ya kai mutum inda Baba ya kai ba. Abu ɗaya ya riƙa ba ni mamaki. Ban taɓa ganin masu aikin tawada masu tsabtar hannu irin waɗannan ba. Fatar ta yi fari-fari ta tsattsage har gwiwar hannu, amma ko ɗigon launi babu a farce. Na lura da haka, na yaba musu ma, ban kawo komai a raina ba.

Duk zuwan da nake yi, da an kira azahar sai maza su kashe inji su zagaya bayan gini, ni kuma in tattara jakata in shiga wani gida da ke kusa in yi tawa sallar a wurin matan. Haka aka saba, kuma ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin dubawa a can. Mace mai mutunci me za ta je yi inda maza ke naɗe wando suna alwala?

Ranar da Allah ya nufa asiri ya tonu, Baba bai je aiki ba, jikin ya matsa masa. Na ce bari in bi shi Limawa in duba shi. Na tarar ya lallaɓa masallaci, sai matarsa, wata dattijuwa mai kaifin ido da ban daɗe da zama ba na gane ita ce gwamnatin gidan. Muka gaisa, ta kawo mini fura, muka taɓa hira har aka kira la'asar. Na ce, "Inna, a ba ni buta." Ta nuna mini bakin makwarara inda suke alwala. Na tsuguna, na miƙa hannu zan ɗauki buta, sai warin nan ya daki hancina. Kusa da butar akwai kwalbar lemo an toshe bakinta da tsumma, cike da wani ruwa garai-garai.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Au, kada ki taɓa, ta alwalar Malam ce. Daga wajen aiki yake zuwa da ita. Sai ya dirje hannunsa da ita har gwiwa kafin ya sa ruwa, wai tawadar nan tana hana ruwa taɓa fata. Ko ranar da bai je aiki ba sai ya yi, ya ce ba a san abin da ya maƙale a lungun farce ba. Ni dai na ce masa warinta yana hana ni cin tuwo, ya ce in yi haƙuri, sha'anin addini ne."

Na daɗe a tsugune butar na hannuna. Wato duk wahalar da na sha ina korar tina daga iskar ɗaki, su kuma suna ɗebo ta da hannunsu suna goga wa fatar da ta riga ta tsage, kowace sallah. Tsoro ya kama ni, haushi ya biyo baya, na rasa wanda zan ji haushinsa. Na yi sallata dai, amma Allah ya yafe mini, rabin hankalina yana kan kwalbar.

Washegari na daidaita zuwana da azahar. Da aka kashe inji maza suka zagaya, ban nufi gidan maƙwabta ba, na bi bayansu. Manaja ya sha gabana ya ce, "Hajiya, nan fa wurin maza ne." Na ce, "Na sani, ka ce su yi haƙuri su sauke ƙafar wando, duba-gari ce za ta wuce." Ai kuwa na tarar da abin da ya fi kwalbar. An yanke jarka biyu an girke ta kusa da butoci, cike da tina, da soson buhu a ciki. Mutane sun yi layi, kowa ya tsoma hannu ya dirza har gwiwa, wanda tawada ta fantsar masa a kumatu ya shafa a fuska, sannan ya koma kan buta. Rana ta take, warin yana tashi yana shiga hancinsu, ba takunkumi ba komai.

Na ɗaga murya na ce a ɗauke jarkar nan yanzu. Wurin ya ɗauki gunaguni. Mutanen nan da na rufe musu ɗaki ba su ce uffan ba, yau har da mai nuna ni da yatsa. Wani ya ce, "Kin sa fanka mun yi shiru, kin sa mana takunkumi kamar jakuna mun yi shiru, yanzu kuma sallarmu kika biyo?" Alhaji ya fito yana gyara hula, ransa a ɓace, wanda ban taɓa gani ba. Ya ce shi da kansa ya sa a riƙa ware musu tinar nan, bai taɓa ƙyashin ta ba, don kada a ce a kamfaninsa mutane na sallah ba alwala. A wurinsa sadaka yake yi.

Baba ya lallaɓo aiki ranar, yana zaune a kan bulo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "'Yata, zo nan." Na matsa na rusuna. Ya ce, "Na san alheri kike nufi. Amma ni nake jan mutanen nan sallah tun da aka buɗe wurin nan. In alwalata ba ta yi ba, ba tawa kaɗai na ɓata ba. Hannu kuwa ko na lallaɓa shi ƙasa ce za ta ci. Ki bar ni da abin da zan tarar a can."

Na miƙe tsaye. Na dai sa aka zubar da abin da ke jarkar a mazubin da ya dace, na kama hanya. A cikin Keke na yi ta juya maganar. Kwaɗo yana jakata, kuma doka ta ba ni ikon sa shi. Amma na san ko na rufe kamfanin gaba ɗaya, kwalbar lemo tana shiga aljihu, kuma mutumin da yake ganin lahirarsa yake karewa ba takardar ofis ce za ta hana shi ba. Abu biyu nake buƙata: abin da zai cire tawada ba tina ba, da bakin da za su ji maganarsa in ya ce ya wadatar.

Na farkon na san shi tun a makaranta, an koya mana mai yana narkar da irin wannan tawada. Amma ban yarda in je gaban mutane da karatun littafi ba. Na roƙi manaja ya ɗebo mini tawada shuɗiya a murfin kwalba, na je gida na lafta wa hannuna har gwiwa na bari ta bushe. Na gwada toka, na gwada sabulun wanki shi kaɗai, na gwada manja, wanda ya mayar da ni wata kala da ba ta da suna. Man gyaɗa ne ya yi. In ka shafa ka murza ka ɗan jira, ɓawon tawadar yana sakin fata, sai ka bi da sabulu ka wanke man. Abin da ke saura launi ne kawai a cikin zanen fata. Na yi kwanaki ina yawo da hannu shuɗi-shuɗi, maigidana yana tambaya ko na koma aiki marina ne ban gaya masa ba.

Na biyun kuma shi maigidan nawa ne ya raka ni. Muka je zauren limamin masallacin Juma'ar da yawancin ma'aikatan ke zuwa, wani tsoho mai sanyin magana. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce, "Allah gafarta Malam, matsala na kawo, ba ta ofis ba ce, ta alwala ce." Na kwashe labari na gaya masa, na nuna masa hannuna. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Malama, ba na ba da fatawa a kan abin da ban gani ba. Gobe ki sa a zo a ɗauke ni, in ga tawadar a hannun masu ita."

Ya zo kuwa, a bayan babur, ana gab da azahar. Ma'aikata suka kewaye shi, Alhaji ya sa aka kawo kujera. Malam ya kira wanda ya nuna ni da yatsa, hannunsa duk ja da tawada, ya kankara da farcensa, ɓawo ya fito. Ya ce, "Wannan kam gaskiyarku, yana da jiki, yana hana ruwa, dole a cire shi." Wurin ya ɗauki "Allahu akbar", ana waigowa ana kallona. Na ce a raina yau na kira wa kaina ruwa. Sai Malam ya juyo ya ce, "Malama, ina man naki?" Na miƙa kwalbar man gyaɗa da sabulu. Mutumin ya shafa, ya murza, ya wanke. Malam ya sake kankarawa, ba abin da ya fito, sai ja-ja a fata. Ya ɗauki buta ya zuba masa ruwa da kansa, ya ce, "Ka ji sanyin ruwan ko ba ka ji ba?" Ya ce ya ji.

Malam ya dube su ya ce, "To wannan launi ne, ba shamaki ba. Matanku da suke ƙunshi ranar biki, sallarsu ba ta yi ba ke nan? Wanda ya isa ya je gida ya gaya wa tasa haka, ya dawo ya ba mu labari." Aka fashe da dariya, har Alhaji. Da dariyar ta lafa ya ce jikin nan amana ne, kuma addini bai ɗora wa kowa ya ƙona hannunsa don ya yi tsarki ba, balle ga hanya mai sauƙi.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, to in na ga launin zuciyata ta ƙi kwanciya fa?"

Liman ya kama hannun Baba ya riƙe, ya daɗe yana kallon tsagar da ke jiki. Ya ce, "Malam, wannan ba tsantseni ba ne, waswasi ne, kuma ka fi ni sanin daga inda yake zuwa. Ka yi alwalarka ka ja mutane sallah. Yau ma ni a bayanka zan yi." Haka kuwa aka yi. Baba ya wanke da man gyaɗa, ya shige gaba, limamin Juma'a yana sahun farko. Ni ina can gefe a tsaye ina gyara mayafi, don idona ya kawo ruwa kuma ba na so a gani.

Daga nan na koma duba-garina sak. Tina ta koma cikin akwatin ƙarfe, mukulli a hannun manaja, ba ta fita sai don inji. A wurin alwala aka ajiye man gyaɗa da sabulu, aka sayo safar hannu mai laushi wadda za su iya aiki da ita. Kwalbar gida kuwa Inna ce ta miƙo mini da hannunta, ta ce, "Ki je ki ji da na kamfani, na gidan nan ki bar mini." Abin da ya fi wuya shi ne raba Baba da ɗakin bugu. Likita ta ce ko warin kada ya shaƙa, don haka na sa aka mayar da shi kula da ma'ajiyar kaya a can ƙarshen fili. Ya ji ciwon wannan ƙwarai. Mutumin da ya koya wa kowa injin, yau yana zaune yana jin ƙararsa daga nesa. Ya daina ce mini 'yata, ya koma Hajiya.

Sai kuma jikin ya ƙara taɓarɓarewa. Ƙawata ta riga ta gaya mini haka ciwon yake, ko an raba mutum da tinar yakan ci gaba da gangarawa na wani lokaci kafin ya juyo. Amma ji daban, gani daban. Baba ya koma dogara sanda, daga baya ya daina fita. Gari ya ɗauka: tun da matar nan ta sa baki ya kwanta. Wasu suka ce ba tina ba ce tun asali, sammu ne. Alhaji ya kira ni ya ce, "Hajiya, kin ga dai. Da yana aikinsa yana lallaɓawa, yanzu ga shi a kwance. Ko mu mayar da shi kan injinsa, ko hankalinsa ya kwanta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da ya taka ɗakin nan, ranar zan dawo da kwaɗona." Na faɗa da ƙarfi kamar yadda na saba, amma da na koma gida ban iya cin abinci ba.

Ban sassauta ba. Na mayar da azahar lokacin ziyarata, har ma'aikata suka riƙa cewa in ladan ya yi kira a duba hanya. Sau ɗaya na kama wani da 'yar kwalba a aljihun wando, na rufe ɗakin bugu ranar gaba ɗaya, abokan aikinsa suka yi masa faɗan da ya fi nawa. Limawa kuwa ban daina zuwa ba, ko da Baba zai juya fuska bango ya amsa gaisuwata a taƙaice. Inna takan rako ni zaure ta ce, "Kada ki damu da shi, jiya ya motsa babban yatsa, yana ɓoye mini ne don kada in ce kin yi gaskiya." Da haka damina ta wuce, aka yi kaka, ya ajiye sanda, ya koma ma'ajiyarsa.

Ranar Babbar Sallah da yamma muna tsakar gida ana suya, sai ga sallama. Inna ce, ta sha kwalliya, da kwano a lulluɓe. Ta zauna, muka yi barka da sallah, ta turo mini kwanon. Ta ce, "Malam ne ya ce in kawo wa 'yarsa. Ya ce in gaya miki da hannunsa ya yanka." Ta ce bara maƙwabci ya roƙa ya yanka masa, ya shige ɗaki bai fito ba har aka gama fiɗa. Bana kuwa tun jajibere ya wasa wuƙarsa, da safe 'ya'yansa suka kayar da ragon, babban ya miƙo hannu zai karɓi wuƙar, ya ce masa matsa. Da ya gama ya zauna a kan turmi yana kallon hannun, tana yi masa magana bai ma ji ba.

Na yi aiki a wurare da yawa bayan nan, na rufe wasu, na buɗe wasu, kuma har gobe ban yarda da mai cewa a bar doka a yi lallashi ba. Da ban sa kwaɗo ba da fanka ba ta juya ba. Amma tun daga kan Baba na san cutar wurin aiki ba a bakin inji take tsayawa ba, tana bin mutum har inda yake ganin ya fi tsira. Shi ya sa duk inda na shiga, ko an ce nan ba wurin mata ba ne, sai na leƙa, a yi ta gunaguni. Baba ya bar aiki tuni, ya koma Kiyawa yana noma. 'Yan yatsu biyu na hagunsa ba su dawo ba, kuma in na tuna su raina yakan sosu. Sauran kuwa nasa ne, da su yake riƙe fartanya, da su yake kai loma bakinsa.